Tsagar Innata a Cikin Kaset

Innata ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Abin da ta bari shi ne wani tsohon fim na Hausa da aka ɗauka a Katagum tun ina goye. Masu fim ɗin sun roƙi matan unguwa su yi daka a bayan jarumar, sai ga Inna da taɓarya, ta ɗago kai sau ɗaya ta yi dariya. Shi ke nan.

'Yata ta kai shekara huɗu, kullum sai ta ce, "Mama, ke ina taki mamar?" Ni kuma tsorona shi ne fuskar ta fara dusashewa ko a idona.

Ƙanin mijina malamin makaranta ne a nan Azare, amma ransa na kan tsofaffin finafinai. Shi da abokansa suna nemo su, su gyara, su raba wa juna. Da na roƙe shi, sai da ya yi wata biyu yana cigiya. Ya samo kaset a Yana, hotonsa da dama-dama amma duk zane-zane, sautin kuma ya mutu. Ya samo faifai a Gadau, sautinsa tas, hoton yana maƙalewa. Sai wani na cikin waya, dishi-dishi, wanda ya cike inda kaset ɗin ya cinye.

Ina zama a bakin ƙofar ɗakinsa da hantsi ina tsintar shinkafa ina kallo. Ya ɗauki hoton wannan ya ɗora wa sautin wancan. Da saukar taɓarya yake daidaita su: in ta faɗa turmi, dole a ji dim a lokacin. Daga ƙarshe ya saka shi a wani abu na kwamfuta mai wanke hoto.

"Matarmu, zo ki ga surukarmu ta koma budurwa," in ji shi ranar da ya gama.

Na zo da yarinyar a hannu. Ga turmin, ga zanen Inna mai ruwan bula. Matar ta ɗago kai. Kumatunta sumul. Inna Babarbariya ce, tsaga ce jere a fuskarta, da su na koyi ƙirga da yatsana.

"Malam, ina tsagarta?"

Ya matso da fuskar. "Kash. Na'urar ta ɗauka zanen kaset ne, ta goge."

"To mayar mata."

"Haba matarmu, kowa na neman a goge masa, ke kina neman ƙari? In na mayar da ɗanyen, wurin zai yi duhu kamar an watsa toka. Abokaina dariya za su yi mini."

"Su yi. Uwarsu ce?"

Bai ƙara tsokanata ba. Washegari ya yanke wurin, ya mayar da na kaset ɗin yadda yake. Hoton na rawa, layuka na gilmawa, amma in ka ƙura ido za ka ga waɗanda ba sa motsi. Su ne nata.

Sai dai na makara. Yarinyar ta riga ta ga mai sumul ɗin, ta tafa mata. Da na nuna mata na gaskiyar, ture wayar ta yi.

"Ba ita ba ce. A sa mini kakata mai kyau."

Mai sumul ɗin kuwa tun ranar farko Malam ya tura wa abokansa, yana ta yawo a wayoyin mutane, ba mai iya kamo shi.

Na goge shi daga tawa wayar. Yanzu in na kunna mata na gaskiyar, nakan tsayar da hoton daidai inda Inna ta ɗago kai, in ja yatsana a kumatun yarinyar, ɗaya, biyu, uku. Tana ture hannuna. Jiya dai ta bari har na kai huɗu, sannan ta tambaye ni ko da zafi.