Gaisuwar Ajidan Maman a Kan Layi

Ku da kuka shigo aikin kashe gobara yanzu, kowa da rediyonsa a kafaɗa, layi huɗu ko biyar, ga salula a aljihu. Mu layi ɗaya muka sani. Birnin Konni, Malbaza da Illela duk a kansa muke, kuma in mutum guda ya danna ya fara magana, ba wanda ake ji sai ya saki. Ni ke zaune a buro, wato ofishinmu, a Konni gaban babbar rediyo, ina karɓar magana daga wannan in miƙa wa wancan. Na yi kwas a Dakar, na zauna da ƴan kwana-kwana a Sakkwato, na ji yadda ake aiki da Faransanci da Turanci, amma ban ga inda ake gaisawa a rediyo kamar mu ba. Muna tambayar iyali, muna tambayar ruwan sama, har mu san gonar wa ta yi kyau bana.

Ranar da ba ta fita raina ita ce wata Laraba cikin bazara, bayan azahar. Wuta ta kama siton wani ɗan kasuwa a hanyar Malbaza, cike da harawa da buhunan wake. Aka ce maigadi yana ciki. Sarjan Idi ne shugaban waɗanda suka je, shi ya tura Kapural Sani ya shiga ya nemo shi. Ƙananan rediyonmu na lokacin ba sa jin juna in bango da kwano sun shiga tsakani, amma tawa mai dogon ƙarfe a bisa rufi kowa na jin ta. Don haka duk abin da Idi zai faɗa wa Sani sai ya bi ta bakina.

Ƙa'ida ita ce, da zarar mutum ya shiga wuta, in sanar cewa an rufe layi ga duk wanda ba ya cikin aikin. Ban yi ba. Na ga Illela ba ta cikin aikin, na ce ba komai.

Can Idi ya kira, muryarsa a sama: "Konni, rufi shina lotsawa! Ka ce ma Sani ya hito yanzu!"

Kafin yatsana ya kai maɓalli, Illela ta shigo. Ajidan Maman ne, babban jami'inmu na can, dattijon da ya koya mini aikin, wanda dukanmu muke kira Baba. Kullum bayan azahar yake zagayen gaisuwarsa, kuma bai san abin da ake ciki ba.

"Salamu alaikum Konni. Garba, ina wuni? Ina gajiya? Yaya mai jiki, ƙahwar ta yi sauƙi?"

Ya saki don in amsa. Nan ne na yi kuskuren da har yau nake jin nauyinsa. Bakina ya riga hankalina, na ce, "Lahiya lau, Baba, da sauƙi," na saki. Shi kuwa ya ci gaba. Ya gaida Malbaza, ya tsokani direbansu a kan tuzurancinsa, ya yi dariyarsa mai kama da tari. Ina danna maɓalli ina ihu, ba mai ji na. Bai fi minti guda ba. Da ya sake saki, na ce, "Baba ka sauka, mutum na cikin wuta! Sani, hito! Hito!"

Sani ya fito da maigadi a bayansa. Yana bakin ƙofa katakon rufi ya sauko masa a kafaɗa. Maigadi ya tsira ba ƙwarzane. Sani ya yi wata biyu a likita, hannun dama bai ƙara ɗaguwa sama da kai ba, aka mayar da shi wajen ajiyar kaya.

Kapitan, shugabanmu duka, ya kira ni washegari. Na ce laifina ne, ban rufe layi ba, kuma na amsa gaisuwa. Ya ce, "Na sani. Ni ma da na amsa." Ya sa hannu a takarda: daga ranar ba gaisuwa a rediyo, sunan wuri da saƙo kawai.

Baba ya hawo motar kasuwa daga Illela ya zauna bakin gadon Sani har la'asar. Sani ne ya yi ta ba shi baki, yana cewa, "Haba Baba, ai ko a cikin hayaƙin na ji daɗin muryarka." Tsohon bai yi dariya ba. Har ya yi ritaya, in ya kira sai ya ce, "Konni, Illela," ya faɗi abin da ya kawo shi, ya sauka.

Dokar daidai ce, ni da kaina na koya wa da yawa daga cikinku ita, kuma kada wanda ya karya ta. Amma bayan azahar nakan tsinci kaina ina jiran wannan sallama. A da na san sunan ƴaƴan kowane ma'aikaci daga Illela har Malbaza ba tare da na taɓa ganinsu ba. Tun daga wannan Larabar layinmu ya zama na aiki kaɗai, kuma bai koma yadda yake ba.