Inuwar Inabin Tomas

Lai'atu 'yar Pankshin ce. A shekarar 2002 ta bi mijinta Tomas zuwa Kuala Lumpur, inda ya sami aikin koyar da lissafi a wata kwaleji mai zaman kanta. Suka kama haya a Taman Melati, gida mai ɗan fili a gaba. Ba ta iya zaman banza ba, don haka ta fara tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe tana sayar wa ɗaliban Najeriya. Tun tana ƙulla musu a leda su tafi da shi, abin da 'yan garin ke kira tapau, har suka fara zama suna ci a ƙofar gida. Kowa Mama yake ce mata.

Shi kuwa Tomas abu ɗaya ya ɗauke masa hankali: kurangar inabi. Ya taso yana aiki a lambun mishan, ya san hannunta. Wani abokin aikinsa ya kawo masa reshe daga arewacin ƙasar, ya dasa a filin, ya kafa mata rumfar ƙarfe. Ta kama, ta hau, ta rufe rumfar ruf. A ƙarƙashinta Lai'atu ta jera bencina.

Rigimarsu ta shekara-shekara ita ce ranar aski. Da ruwan ƙarshen shekara ya lafa, sai Tomas ya ɗauki almakashi ya datse rassan, ya tsige ganyen tas, ya bar itace tsirara.

"Baban Shekinah, yanzu a ina mutanena za su zauna?"

"Haƙuri za su yi. Ƙasar nan ba ta da sanyin da zai sa ta barci. In ban aske ta ba, ganye za ta yi ta yi, ba za ta haihu ba."

Haka kuwa ake yi. Bakin yankan ya yi ta ɗigar da ruwa, sannan toho ya ɓullo, sannan wasu ƙananan furanni da ba su da wani kyan gani, sai 'ya'ya kore masu tauri kamar tsakuwa, a hankali su yi laushi su rine. Amma kafin ganye ya dawo, rana na korar rabin masu cin tuwonta zuwa shagon abincin Indiyawa mai fanka, wanda ake kira mamak.

A 2006 Tomas ya faɗi a aji. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Aiki ya tsaya, tukunyar Lai'atu ta zama ita ce gidan. Kullum takan zaunar da shi a kujera kusa da taga, inda yake ganin rumfarsa.

Da lokacin aski ya zo, ya fara nuna mata kurangar da hannun hagu, yana haɗa yatsu biyu yana buɗewa. Ko yaro ya gane abin da yake nufi. Lai'atu ta dubi bencinan cike da mutane, ta dube shi.

"Ruwa kake so in ba ta? To, yanzu."

Ta ɗauki bokiti ta zuba. Ya girgiza kai, ya sake haɗa yatsun. Ta yi kamar tukunya na ƙauri, ta shige kicin.

Shekarar ba a ga inabi ko ɗaya ba. Shekara ta zagayo, ya sake nunawa, ta sake ɗaukar bokiti. Ganye ya yi kauri har ya tare hasken tagar. Ɗalibai suna yabon inuwar Mama, ita kuma yabon na sukar ta. A coci takan yi niyyar gyarawa, amma da Litinin ta yi sai ta ce sai ɗalibai sun gama jarrabawa. Daga baya Tomas ya daina nunawa. Ya sa aka juya masa kujerar tana kallon bango.

Wata rana da hantsi ta dawo daga cefane a Chow Kit, ta tarar da shi yashe a gindin kurangar, goshinsa ya fashe, almakashin ɗinkinta a hannunsa na hagu. Da jan jiki ya fito. Reshe ɗaya siriri ya iya yankewa.

Ta ajiye kayan ta durƙusa. "Na gane tun ranar farko," ta ce. "Na gane, Baban Shekinah."

Ya dube ta, ya ɗaga kai a hankali. Ashe ya sani.

Bayan ta wanke masa ciwon, ta fito da kujerarsa, ta hau benci. Duk reshen da ta kama sai ta waiwaya. In ya ɗaga kai ta yanke, in ya girgiza ta matsa gaba. Kafin azahar rana ta sauko filin gaba ɗaya. Ɗaliban da suka zo suka tsaya turus, ta ce musu daga yau sai tapau.

Inabin ya zo kaɗan a shekarar, ga tsami. Tomas ya ci, yana yamutsa fuska yana miƙo hannu a ƙara. Bai taɓa nuna mata fushi ba, wannan kuwa ya fi komai damun ta. A 2009 danginsa suka nemi a mayar da shi gida. Kafin su tashi, Lai'atu ta tsayar da matar da za ta gaji hayar a gindin rumfar, ta nuna mata inda ake yanka, ta sa ta maimaita har sai da matar ta fara ƙosawa.