Saniyar Buba ta ƙi muryar waya

Jama'a, yau dattijo ya yi hawaye a shagona, kuma bakina ne ya jawo!

Ina buɗe shagon wayoyina a Ƙofar Wambai sai ga wani dattijo Bafulatani da ƙaramar waya. Ya ce, "Ɗana, ba ni lasifika mafi ƙara."

Na ce, "Baffa, biki za a yi?"

Ya ce a'a. Ɗansa Buba ne ya rasu. Akwai saniyar da Buba ya yi rainonta, tun rasuwarsa ta daina kiwo, sai ramewa. Wayar ta naɗi wata hirar da suka yi da Buba ta waya, inda ake jin Buba yana kiran saniyar. An kunna mata, ko kunne ba ta ɗaga ba!

Na saurara, nan take na gane. Na ce, "Baffa, ba ƙara ce matsalar ba. Akwai manhaja a cikin waya da ke matse murya kafin ta bi layi. Tana zubar da wani ɓangare, ta bar iya abin da mutum zai gane magana. Saniyar ba za ta shaida wannan ba."

Ya ce, "To ina aka zubar? A ɗebo."

Na ce, "Ba ya dawowa, Baffa."

Sai ya ce, "Ashe abin da nake saurara kullum ba Buba ba ne duka?"

Ya goge ido da bakin rawani, ya fita.

Ban yi ciniki ba, saniya ba ta samu magani ba, dattijo kuma ya koma da ƙasa da abin da ya zo da shi.