Lemu Biyu na Kek ɗin Luba

Shekara takwas ke nan da rasuwar matata, Luba, Allah ya jiƙanta. Ni kaɗai na rage a gidanmu na Ƙofar Taramniya, yara duk sun watse.

Luba ta iya kek na karas da lemu. A tukunya take gasa shi, yashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. In na leƙa madafi sai ta ce, "Malam, mi kaka nema nan? Tahi, kar ka sa shi ya kwanta." Da ta ga matan yau masu tallan kek a waya, na san taɓe baki za ta yi. Da ta gan ni da tsufana ina gurza karas kuwa, wallahi sai ta yi dariya har da hawaye.

Tana kwance ba lafiya na sa ta faɗa mini yadda ake yi, ina rubutawa. Fulawa, ƙwai, sukari, mai, karas, sai "lemu biyu". Ban tambaye ta wane lemu ba. Na ɗauka akwai sauran lokaci.

Duk shekara nake gwadawa. Na matse lemun zaƙi, ya fito caɓal. Na matse na tsami, ko kaji ba su kula shi ba. 'Yata ta ce, "Baba, don Allah ka saya a shagunan Gidan Igwai ka huta." Ba ta gane ba. Tsoro nake ji in manta ɗanɗanon, don muryar Luba ma ta fara ɓace mini.

Bana na cire kunya na je Unguwar Rogo wurin yayar Luba, Hajiya Hassu, na faɗa mata yadda nake matse lemun a ciki. Ta riƙe haɓa. "Kai, Malam! Wa ya ce maka ruwan akan sa? Ɓawon taka gurzawa, guda na zaƙi, guda na tsami."

Na dawo na yi hakan. Tun kafin in ɗaga murfi ƙamshin ya cika tsakar gida, shi ne sak. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, ga abin hannunta ya dawo, kuma jikokinta za su ci. Amma na zaci in na same shi kaɗaicin zai ragu, sai ga shi ya ƙaru.

Na zauna a tabarma zan ci, sai na ga ashe faranti biyu na ɗauko.