Waƙar da Kawu Ya Riƙe

Kawuna, yayan mahaifiyata, makaɗin noma ne a wani ƙauye da ke gindin duwatsun Kwatarkwashi. Duk wanda ya kira gayya tsakanin Bungudu da Tsafe, idan yana son a nome masa gona kafin la'asar, Kawu yake aika wa goro. Yana da yara uku, kodayake ƙaraminsu ma ya aurar da 'ya: ɗaya na riƙe da ganga, biyu na amshi.

Kawu bai taɓa gama waƙa a ɗaki ba. Gindin waƙar kaɗai yake koya wa yaransa, layin nan da suke maimaitawa. Ɗiyan waƙar kuwa, wato baitocinta, suna cikinsa, sai an shiga gona yake sakinsu ɗaya bayan ɗaya, idonsa na kan hauyoyi. In ya ga hauya ta ƙara sauri, wannan ɗan ya zauna. In ya ga wani ya miƙe yana dafa ƙugu, sai ya yar da shi, ba ka ƙara jin sa. Kafin kaka waƙa ta shiga bakin kowa, har mata a bakin turmi. Shi ya sa babu waƙarsa da ta ɓace, in ban da ɗaya.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gusau, ina haya a Tudun Wada. Jiharmu ba ta daɗe da samuwa ba, kowa na rawar kai. Muna da wata 'yar ƙungiya ta masu rubutu da wasan kwaikwayo, a aji muke taro saboda ba mu da ofis. Shugabanmu wani dattijo ne da ya yi ritaya daga gidan rediyo. Shi ya yi ta aika takardu har wata gidauniya da ke Legas ta yarda ta ba da tallafi ga mai fasaha ɗaya, ya ƙirƙiri sabon aiki. Shugaba ya san Kawu tun zamanin rediyo, ya ce ba wanda ya fi shi cancanta. Ni na raka shi ƙauye.

A zaure Shugaba ya yi bayani. "Baba, sharaɗin nasu biyu ne. Waƙa ta zama sabuwa fil, ba yabon wani don ya yi kyauta ba. Na biyu, kada a yi ta gaban jama'a, kada a ɗauke ta a kaset, sai ranar da suka zo da na'urarsu. Kafin ruwa ya sauka za su zo."

Kawu bai ma tsaya kan na biyun ba. Na farkon ne ya kama shi. "Ashe akwai wanda ka biyan waƙa bai ce a sa sunanai ba?" Ya yi dariya har da buga cinya. Sai kuma ya ce tun yana saurayi yake wa masu rai waƙa, domin su ke da damin da za su ba shi. Manoman da suka mutu, waɗanda ya ga aikinsu da idonsa, bai taɓa samun sukunin yi musu ba. "To wagga tasu ce," in ji shi. Ya juyo gare ni. "Ubanka na ciki."

Mahaifina ya rasu ina goye. Ba hoto, ba komai. Mahaifiyata kuwa, irin matan da ne, ko a kan kuskure ba ta zancen miji, kuma ta bi shi kafin in yi wayon matsa mata. Abin da na sani kawai an ce manomi ne. Yanzu ga mutumin da ya yi masa kiɗa a gona zai faɗe shi da baki. Wallahi ranar a mota har Gusau ban san me Shugaba yake cewa ba.

Kuɗin sun zo, ba zan yi musu ƙarya ba. Aka sauya wa ganga fata, aka ɗinka wa yara riguna iri ɗaya, aka zuba hatsi a rumbu. Kawu ya koya musu gindin waƙar a cikin zaure, da ƙofa a rufe: *Gona tana nan, ina mai ita?* Ɗiyan ya hana su ji, domin ya san halinsu. Ɗaya daga cikinsu ba ya fashin kasuwar Tsafe, kuma ko naman tsire zai saya sai ya saya da waƙa.

Ruwa ya sauka, mutanen Legas ba su zo ba. Aka ce wahalar man fetur ce, a jira wata mai zuwa. Wata ya zo, aka ce wanda ke riƙe da aikin ya bar wurin, sabon yana duba takardu. Shugaba ya yi ta sintiri zuwa inda ake buga waya, ya dawo da haƙuri a baki. Ni dai raina ya fara ɓaci. Mutum yana zaune a ofis da fanka a kansa, ya kafa wa waƙar noma doka ta jira shi, sai ka ce buhun siminti!

A tsakiyar daminar nan aka yi wata babbar gayya wajen Tsafe, na je. Labari ya riga ya bazu cewa Kawu na da sabuwa. Rana ta take, manoma sun fara sanyi, sai wani ya ɗaga hauya ya yi ihu, "Baba, a ba mu sabuwar mana!" Sauran suka ɗauka. Mai ganga, ko da gangan ko hannu ne ya kuɓuce masa, ya sauya kiɗa zuwa na zaure. Na ga Kawu ya ja numfashi, jijiyar wuyansa ta tashi, baki ya buɗe. Sai ya girgiza kai, ya harari mai ganga, ya faɗa wata tsohuwar waƙa da kowa ya haddace. Aka yi noma dai, amma ranar har magariba ba a gama gonar ba.

A hanyar komawa na kasa daurewa. "Haba Kawu! Wa zai kai musu labari a Legas? Ko sunan ƙauyen nan ba su iya faɗa ba."

"Na ci abin mutane," ya ce. "Alkawali kaya ne."

"To ni kaɗai. Ɗan da ka yi wa mahaifina kawai, ka faɗa mini a kunne."

"Mi kake ma gaugawa? Bai nuna ba. Ɗan da bai sha rana a gona ba ɗanye ne. Ka bari ranar ka ji shi da ganga, yadda ya dace da shi."

Ban haƙura ba. Mako biyu bayan nan na aro rakoda na kai masa, na rantse kaset ɗin ba zai bar akwatina ba. Ya sa matarsa, da muke kira Inna, ta ba ni fura, ya ce in mai da wa mai abu abinsa. Na tafi ina huci, na yi wata biyu ban leƙa ba. Inna ce ta gaya mini daga baya cewa ba ya cikin daɗi. Yakan zauna bakinsa na motsi ba sauti, in ta matso ya daina. Ya ce mata waƙar na yi masa nauyi a ƙirji kamar tuwon da bai faɗa ba.

Kaka ta wuce, rani ya shigo. Wata safiya ta bazara aka aiko mini makaranta cewa Kawu ya faɗi a bakin rijiya. Muka kai shi asibiti a Gusau. Ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya tafi. Yana ji, yana ganewa, in ya buɗe baki sai wani gurnani da shi kansa yake jin kunyarsa. Na zauna gefen gadon ina jiran ko kalma ɗaya. Likita ya ce a yi ta addu'a.

Bai fi wata guda da komawarsa gida ba sai ga mutanen Legas. Mutum biyu, mace da namiji, da mota mai kyau da na'ura a jakar fata. Ba miyagu ba ne, wannan ma ya ƙara ƙona mini rai, domin na tanadi maganganu masu zafi na rasa wanda zan juye wa. Matar da ta ga halin da yake ciki, idonta ya kawo ruwa. Ta ce ta bakin Shugaba a bar shi ya huta, za su rubuta cewa rashin lafiya ce. Sun fara mai da kaya, Kawu ya shiga bugun tabarma da hannun hagu. Ya nuna na'urar, ya nuna ganga.

Aka fito da shi ƙofar gida aka jingine shi da bango. Yara suka sa rigunan nan da ba a taɓa sawa ba, har da karin ninki. Mutanen ƙauye suka taru, waɗanda suka yi shekara suna roƙon sabuwa. Ganga ta tashi. *Gona tana nan, ina mai ita?* Sai Kawu ya sauke hannunsa, 'yan amshi suka yi shiru, ganga kaɗai ke tafiya. Leɓensa na rawa, kansa na bin kiɗa. Can ya ɗaga hannu, suka amsa. Ya sake saukewa.

Sai a lokacin na gane waƙar yake yi a zuciyarsa. Ɗa bayan ɗa, kowane da tsawonsa, wani gajere, wani har mai ganga ya ɗago ya dube shi. Ba wanda ya yi tari a wurin. Wata tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, ban san ko wane mamaci take tsammanin an zo kansa ba.

Wajen tsakiya ya sauke hannu, ya juyo da kansa da ƙyar ya neme ni cikin mutane. Ya kafe ni da ido. Wannan ɗan ya daɗe. A wani wuri ɓarin bakinsa mai rai ya ɗan ja kamar zai yi murmushi, na san akwai abin dariya a ciki, wataƙila wata tsiya da suka taɓa yi tare. Na zuba wa leɓensa ido iya ƙarfina, ban tsinci ko harafi ba. Ya ɗaga hannu, suka ce *ina mai ita*, ni kuwa na fashe da kuka a gaban ɗalibaina biyu da suka biyo ni.

Kawu bai ga wata damina ba. Ƙungiyarmu ma ta watse bayan 'yan shekaru. Mutanen Legas, a yi musu adalci, sun aiko da kaset ɗin, yana wurina har yau. Ganga ce da amshi, da filin da babu kowa a tsakaninsu. Na san daidai inda na mahaifina ya fara, domin akwai wata akuya da ta yi kuka a wurin. Duk lokacin da na sa, in na ji akuyar nan, sai hannuna ya kai kan rediyo in ƙara murya.