Bangon da Baba ya rushe da hannunsa

Shekarar da kwanon rufi ya fara shigowa ƙauyenmu na ƙasar Roni, Baba ya dawo daga aikin Kano da niyyar gina mana ɗaki, ni da ƙannena. Filin kuwa gangara ne, gefe dutse, gefe jar ƙasa mai laushi. Hadari ya fara haɗowa daga gabas, Baba yana sauri. Ya jera tubali yadda ƙasa ta kwanta, bango ya tashi kafaɗa ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Washegari za a yi gayya a ɗora azara.

Kakarmu Iya ta gani, amma Baba ɗan farinta ne. Ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido, balle ta gyara masa aiki a gaban mutane.

Bayan isha'i ta tara mu a bakin murhu. Baba yana bayan zana, yana ɗaure ƙotar gatari.

"Ga wata nan ta taso," in ji ta, murya sama da yadda ta saba.

"Ta iso mu ji ta, Iya."

Wai wani mutum ne mai gaggawa ya yi gini a gangara. Sahun farko ya karkace, ya ce zai gyara a na biyu. Na biyu ya bi na farko, ya ce a sama zai cike da laka. Ya shafe bango sumul, ya rufa, ya shimfiɗa wa 'ya'yansa tabarma a ciki. Sai ruwan farko ya sauko, ya bi gangara, ya sami gindin bango ta gefen mai laushi, ya fara ci.

Nan Iya ta ajiye labarin. Ta gyara itace a wuta.

"Iya, yaran fa?" in ji ƙanena Sale. "Sun fita?"

"Ban sani ba, ɗan nan. Ƙarshenta yana hannun mai ginin."

A bayan zana, motsin gatari ya tsaya. Ba ta rufe tatsuniyar ba, mu ma ba wanda ya yi ƙarfin halin sake tambaya. Na kwanta ina jin tsawa daga nesa.

Da 'yan gayya suka zo da safe, sun tarar Baba ya rushe bangon har ƙasa. Ya tona gefen mai laushi sai da ya taɓa tsakuwa, ya cike da dutse, ya ɗora ƙwaryar ruwa a kan katako yana duba ko ruwan ya kwanta daidai. Iya ta wuce da tsintsiya, ko kallonsa ba ta yi ba.

Damina ta same mu a ɗakin Iya, a matse. Sai da kaka aka rufa namu, kuma yana nan har yau.

Na daɗe ina zaton labarin bango ne kawai. Yanzu nawa ɗan farin, wanda ni ma ba na kama sunansa, yana ginin bulo a Kazaure. Jiya na ga harsashin ginin, ya karkace. Yau na ce a turo mini 'ya'yansa hira, na kuma sa a shimfiɗa mana tabarma kusa da tagar ɗakin da yake kwana a nan gidanmu.