Kyamara a Ɗakin Hajiya

Lokacin da hankalin mahaifiyata ya fara gushewa, abin da ta mallaka bai cika yatsun hannu ɗaya ba: ɗaki guda a gidana da ke Hayin Banki, akwatin ƙarfe, tsohuwar butar alwala da ba ta yarda a canza mata, sai sunanta. Sunan shi ne dukiyar. Tun ina yaro, in mace ta rasu a unguwarmu, Hajiya ake kira ta yi mata wanka. Ta ga matan unguwa a halin da ba sa iya rufe kansu. Ta ga tabo, ta ga ciwon da aka ɓoye wa miji da wanda mijin ya jawo, amma ko mu 'ya'yanta ba mu taɓa jin kalma ɗaya daga bakinta ba. In ta dawo sai ta watsa ruwa, ta nemi abinci, shi ke nan. Saboda wannan shirun mata ke durƙusa mata har ƙasa.

Ni ɗan kasuwa ne. Da tire na fara, ina sayar da batirin tocila a tashar Kawo. Yau ina da shago a Doka, ina sayar da farantan sola da batura da kyamarorin tsaro. Ban yi boko mai nisa ba, amma duk na'urar da ta shigo hannuna sai na tatse ta tas, don ban ga dalilin da mutum zai sayi abu ya ci rabin amfaninsa ba.

Wata rana da hantsi Hajiya ta fice daga gida ba wanda ya sani. Sai bayan la'asar wani mai keke ya dawo mana da ita daga wajen gadar Kawo, takalmi ƙafa ɗaya, tana cewa an aiko kiranta gidan rasuwa. Washegari na ɗauko kyamara mafi kyau a shagona na kafa a kusurwar ɗakinta, na haɗa da wayata. Tana nuna hoto, tana ɗaukar sauti, in an taɓa ƙofa wayata ta yi ƙara, kuma ina iya magana ta cikinta a ji ni a ɗakin.

Matata, wadda ita ce ke yi wa Hajiya wanka da ba ta abinci, ta tsaya tana kallona ina ɗaure waya.

"Alhaji, har da sauti?"

"Har da shi. In ta faɗi fa? Ta ina zan ji?"

"To ai ni ina nan."

"Kina nan, kina kicin, kina makarantar yara. Wannan ba ta zuwa ko'ina."

Aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ina ciniki sai wayata ta yi ƙara, in ga Hajiya ta yafa mayafi ta nufi ƙofa, in ce, "Hajiya, an riga an yi wankan, ki zauna." Sai ta waiwaya ta ce, "To, Allah ya jiƙanta," ta koma kan gado. Ba ta sake ɓata ba.

Ina da wa guda ɗaya, babban ma'aikacin gwamnati, yana zaune a Unguwar Rimi a gida mai doguwar katanga. Duk Juma'a bayan masallaci yakan zo gaida Hajiya da ledar lemo. Da ya ga abin a wayata sai ya ce, "Kai, wannan ai ci gaba ne. Saka mini a tawa." Uwarsa ce kamar yadda take uwata. Na saka masa, na ba shi lambar sirrin da nake shiga da ita.

Daga nan zuwan Juma'a ya fara ja baya. Me zai kawo shi Hayin Banki, ga ramuka, ga cunkoson keke, alhali yana iya gaida ta daga kujerar ofis? Sai a ji muryarsa daga bango: "Hajiya, ina wuni?" Ita kuma ta ɗaga kai tana neman mai magana. Dubiya ta koma kallo, kallo kuma ya haifi gyara. Saƙonsa na murya ya riƙa shigo mini: an makara da kunun safe, zanin gadon nan tun shekaranjiya ne, me ya sa aka bar ta ba ɗankwali.

Matata ta ce, "Gidanmu ya zama gidan talabijin. Gobe kwalliya zan yi kafin in kwashe fo, tunda manya na kallo."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Wani abokin cinikina, mai sayen batura yana kaiwa ƙauye, shi ya kawo mini labarin ba tare da ya sani ba. Ya shigo shago yana dariya har yana riƙe ciki.

"Alhaji, ka ga tsohuwar nan da ke yawo a waya? Wallahi tun jiya nake maimaitawa."

Ya miƙo mini wayarsa. Ɗakin Hajiya ne, daga kusurwar da na zaɓa da hannuna. Tana zaune kai ba ɗankwali, matata na shafa mata mai a baya. Hankalinta ya koma wani wanka na shekarun baya, ta ɗauki matata a matsayin mai zuba mata ruwa. Ta kira sunan wata maƙwabciyarmu da ta daɗe da rasuwa, matar wani dattijo mai sayar da goro, wanda ba ya rasa sahun farko a masallaci.

"Zuba a hankali, yarinya. Kin ga bayanta? Duk shatar bulala ce. Mai goro kenan. Ya iya carbi, ya iya bulala."

Ta faɗa da wata irin murya, tana kwaikwayon jan carbi da hannu ɗaya, ɗayan kuma tana zabga wa iska. An lafta wa hoton fuskokin dariya.

"Ya iya carbi, ya iya bulala!" in ji abokin cinikin. "Kakar wa ce wannan, don Allah?"

Na ce, "Batir nawa ka ce kana so?"

Na sallame shi, na rufe shago da rana tsaka.

Gano wanda ya yi bai ba ni wahala ba. Manhajar tana nuna kowace waya da ta shiga da lokacin da ta shiga. Na tarar da wayoyin da ban sani ba: Yaya ya saka wa matarsa, ita kuma ta saka a ta 'yarta. A ranar da lokacin da aka ɗauki hoton, wayar matar Yaya ce a ciki. Ta naɗi abin daga fuskar wayarta ta tura guruf ɗin ƙawayenta na ofis don su yi dariya. Daga can ya kama hanya.

Kafin in isa gida hoton ya riga ni. Masu keke a bakin layi suna jefa wa juna maganar. A tsakar gidana na tarar da 'yar marigayiyar, mace mai 'ya'ya manya, tsaye a ƙofar ɗakin Hajiya, ko takalmi ba ta cire ba.

"Mun ba ki uwarmu tsirara saboda mun yarda da ke. Ashe ajiyewa kika yi sai kin tsufa ki yi mana talla."

Na ce, "Baiwar Allah, ba ta san abin da take faɗa ba."

"Ita ba ta sani ba. Bangon ne ya ɗauka? Jikokin uwata sun kasa fita makaranta, Alhaji. Abin da ta mutu tana rufewa, yau 'yan keke ke waƙa da shi."

Hajiya ta dube ta da fara'a ta ce, "'Yar nan, kin ci abinci kuwa?"

Matar ta gyara mayafi. "Allah ya ba ki tsawon rai. Ranar taki kuma za mu ga wadda za ta zuba miki ruwa."

Da yamma na tafi Unguwar Rimi. Maigadi ya buɗe mini, aka kawo mini ruwa a faranti. Matar Yaya ba ta fito ba, wai kanta na ciwo.

Yaya ya ce, "Kuskure ne aka yi. Mutum nawa ne a guruf ɗin? Ta goge tun ɗazu."

"Ta goge a wayarta. Ta tashar Kawo fa, wa zai goge?"

"Kada ka ɗaga mini murya a gidana. Wa ya kafa ido a ɗakin uwarsa? Ni? Kai ne ɗan kasuwa, komai sai ka gwada kayan shagonka a kai."

"Ni na kafa don kada ta ɓata. Ku kun mai da ita wasan kwaikwayo bayan cin abinci."

Na ciro wayata a gabansa na canza lambar, na fitar da duk wayoyin gidansa ɗaya bayan ɗaya, ina nuna masa.

"Daga yau, Yaya, mai son ganin Hajiya ya zo Hayin Banki, ya cire takalmi, ya shaƙi warin ɗakin kamar yadda matata ke shaƙa."

"Za ka raba ni da uwata?"

"Mota gare ka. Mai kuma gwamnati ke zuba maka."

Ban cire kyamarar ba, don matsalar ficewa tana nan. Na sauke ta daga ɗakin na mayar zaure, tana kallon ƙofar gida kaɗai. Na kashe sautin, na cire katin da ke adana hoto, na bar ƙarar da ke sanar da ni in an buɗe ƙofa. Da wannan kaɗai na tsare ta har ƙarshen ranta. Sauran abubuwan da na'urar ta iya, ashe ban taɓa buƙatarsu ba.

Yaya ya yi fushi ya ɗauke ƙafa. Zuwansa bai fi na sallah ba, shi ma a tsaye. Matan unguwa da suka saba leƙowa da ɗan kunu ko goro suka daina, kowace na tsoron kada tsohuwa ta gan ta ta tuna uwarta ko yayarta. Hajiya takan zauna ta fuskanci ƙofa, ta tambayi matata, "Yau ba a yi rasuwa ba ne? Shiru ba a aiko ba."

Ta rasu da damina, da safe. Na aika gida-gida a layinmu neman mai wanka. Wannan ba ta da tsarki, waccan ta tafi asibiti, wata ƙafa ke damunta. Rana ta ɗaga, maza sun cika ƙofar gida suna duba agogo, gawa na kwance ba mai wanka. Sai da na aika mota Unguwar Dosa aka ɗauko wata malama da ba ta san mu ba. Matata ce ta zuba mata ruwa. A wajen sallah, mai goro na sahun farko da carbinsa. Har ya riƙe hannuna ya ce ya yafe mata.

A shago yanzu, in mutum ya ce a kafa masa kyamara a cikin ɗaki, nakan tambaye shi wa ke kwana a ciki, kuma ko an tambaye shi. Lambar sirri kuwa nakan ce ta mutum ɗaya ce, ko da uwa ɗaya ta haife ku. Wasu su ji, wasu su tsallaka shagon gaba, inda ba a tambaya.

In na zauna na auna, ga abin da na samu: Hajiya ta mutu a kan gadonta, ba a bakin titi ba, kuma matata ba ta sake kwashe fo a gaban 'yan kallo ba. Abin da ya tafi kuwa, wa ɗaya da nake da shi, da maƙwabtan da na tashi a cikinsu. Mai goro bai rasa ko kwastoma ɗaya ba. Duk hotunan da na'urar ta tara na goge su da hannuna, don haka muryar mahaifiyata ba ta rage a ko'ina ba sai a wancan guntun. Yana nan yana yawo. Kwanan baya ma wani ya turo mini, ya rubuta a ƙasa: Alhaji, ga abin dariya.